Jitata tana fita da "shuuu" da gurnani, ina matsalar take?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin sauti a taimaka min. Ina ɗaukar jita ta katako, ba ta wuta ba, a ɗakina a nan Kano. Kayan da nake da su: mayik AT2020, sankad Scarlett Solo (akwatin da ke haɗa mayik da laftof), laftof da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Lokacin da nake kaɗawa komai lafiya a kunnena, amma da na saurara da hedfon sai in ji "shuuu" a ƙarƙashin kiɗan, ga wani gurnani kamar na tiransifoma. Ya fi fitowa a wuraren da nake kaɗawa a hankali da yatsa, da kuma ƙarshen waƙa in na bar tsirkiya ta mutu da kanta. Mayik zan canza ko me?

Bash Furodusa: Wa alaikumus salam. Kai Auwalu, wannan ai ƙaramin abu ne. Buɗe Edison, fulogin (ƙaramar manhaja) na gyaran sauti da ke cikin FL ɗin naka, ka zaɓi wurin da ba ka kaɗa komai ba, ka ce ya ɗauki samfurin ƙarar, sannan ka wanke duka. In kana da hali ka nemi manhajar wanke ƙara ta iZotope RX, shi ne oga. Minti biyu an gama.

Malam Isyaku: Wa alaikumus salam. Bashir, yi haƙuri ka ɗan dakata da wankin nan tukuna. Auwalu, kafin ka sayi komai ko ka wanke komai, sai mun san wace irin ƙara ce. Kai da bakinka ka ambaci iri biyu, kuma ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. "Shuuu" ko dai iska ce da hayaniyar ɗaki, ko kuma na'ura ce aka murɗa fiye da ƙima. Gurnani kuwa kusan kullum wutar lantarki ce. Amsa min waɗannan: tazarar mayik da jitar nawa ce? Gein ɗinka, wato maɓallin ƙara ƙarfin mayik a sankad, a ina yake tsaye? Fanka tana juyawa? Laftof ɗin tana kan caji? In tana kan caji, wace wuta ce, ta gari, ta inji ko ta inbata?

Auwalu: Na gode Baba. Mayik yana kan tebur, ni kuma ina bakin gado, zai kai mita ɗaya ko ya ɗan ɗara. Gein kusan ƙarshe nake kai shi, in ba haka ba sautin ba ya fitowa. Fankar sama tana kan lamba ɗaya, don ba a zama ba ita. Laftof kullum tana jone da inbata, batirinta ba ya daɗewa sosai.

Malam Isyaku: To, ai ka gama ba mu amsa. Mita ɗaya ta yi nisa ƙwarai. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da ka ninka tazara tsakanin mayik da abin da yake ɗauka, sautin da ke zuwa kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Amma ƙarar fanka da ta titi ba sa raguwa, domin sun cika ɗakin ko'ina. Daga mita ɗaya in ka dawo santimita 50 ka ci ribar desibel 6, in ka dawo santimita 25 ka ci 12. Wannan riba ce da ba ka biya ko sisi ba, kuma da ita za ka sauke gein, "shuuu" ɗin ya bi shi ya sauka.

Ka sauke mayik daga tebur ka ɗora shi a kan sanda. Tebur yana ɗauko girgizar fankar laftof ya miƙa wa mayik kai tsaye. Ka saita shi wajen firet na 12 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) zuwa inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, tazarar kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kada ka auna ramin jitar, nan iska ce take fitowa da kauri, za ka samu "bum bum" kawai. Kuma ka tabbata gaban mayik ne yake kallonka. AT2020 ta gefe yake ji, ba ta kansa ba, gefen da tambarin kamfani yake. Na sha shiga ɗakunan yara in tarar an nuna wa jita ƙoƙon kan mayik kamar na mai wa'azi.

Hadiza: Baba ya faɗi gaskiya. Ni murya nake ɗauka ba jita ba, amma abin ɗaya ne. Ƙarin da zan yi: irin wannan mayik ɗin kurma ne ta bayansa. Don haka duk inda hayaniya ta fi shigowa, taga ce ko laftof ce, ka juya masa ƙeya can. Sannan ka lura da abin da ke bayanKA kai mai kaɗawa, domin can mayik yake kallo. In bango ne tsirara, sauti zai buga ya dawo cikinsa. Jingina katifa a bayanka ko ka rataya bargo mai nauyi.

Bash Furodusa: Anti Hadiza, duk na yarda. Amma ku duba fa, yaron nan a watan Afrilu yake, a Kano. Za ku ce ya kashe fanka, ya rufe taga, ya kewaye kansa da katifa da bargo? Kafin ya kai amshi na biyu sai dai a kwashe shi. Shi ya sa aka yi fulogin. Ba kowa ke da ɗaki mai esi da bango biyu irin na gidan rediyo ba.

Hadiza: Hahaha Bash ba ka da dama. Ba wanda ya ce ya kwana a ciki. Ana barin fanka ta yi ta aiki lokacin gwaji da saita kaya, in an zo ɗauka a kashe, a jira fukafukan su tsaya cak, a ɗauki minti uku ko huɗu, a kunna. Haka nake yi, da tawul a kafaɗa.

Malam Isyaku: Bashir, ba ƙin fulogin nake ba, ina amfani da su. Amma ka san yadda suke aiki? Ka ba shi samfurin ƙara, shi kuma ya bi kowane zango na sauti yana rage duk abin da bai ɗara wannan samfurin ƙarfi ba. A murya abin yana tafiya daidai, domin magana tana da ƙarfi kuma tana yankewa. Jita ba haka take ba. Daɗinta yana cikin wutsiyar sautin, lokacin da tsirkiya take mutuwa a hankali har ta nutse. Wannan wutsiyar ƙarfinta ɗaya da ƙarar da kake son cirewa, na'ura ba za ta iya bambance su ba. Sai ta cinye su tare, ta bar maka wani ƙyal-ƙyal kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Gishiri in ya riga ya narke a miya, ba cokalin da zai tsame shi.

Kuma fanka ta fi kowace ƙara wuyar wankewa, don ba a tsaye take ba. Kowane fiffike in ya wuce yana kaɗa iska, sautin jitar kansa yana rawa. Ko ka cire ƙarar, rawar tana nan.

Injiniya Kabiru: Salam. Bari in shigo ta ɓangaren gurnanin, tunda nan ne sana'ata. Auwalu, yi wannan gwajin yanzu, ba ya cin lokaci. Scarlett Solo daga USB yake shan wuta, ba ya buƙatar soket. Don haka cire cajar laftof gaba ɗaya daga jikinta, ka cire duk wata waya da ta haɗa ka da bango, har da ta lasifika in kana da su. Ka bar laftof, sankad, mayik da hedfon kawai. Ɗauki daƙiƙa goma na shiru. Sannan ka mayar da caja ka sake ɗaukar goma. Ka gaya mana bambancin.

Auwalu: Injiniya, wallahi kamar an kashe rediyo. Da na cire caja gurnanin ya tafi gaba ɗaya. Da na mayar ya dawo, har da wani "zzzz" siriri a samansa. "Shuuu" ɗin dai yana nan amma ya ragu da na matso da mayik kamar yadda Baba ya ce.

Injiniya Kabiru: Madalla. Ke nan mayik ɗinka lafiyarsa ƙalau, kada ka kai shi kasuwa. Duba jikin inbatar ka ga abin da aka rubuta. Iri biyu ne. Akwai mai fitar da wuta mai santsi irin ta gari, ana rubuta "pure sine wave" a jikinta. Akwai mai arha wadda wutarta take fita a matakai-matakai, ana yanka ta da kaifi. Wannan kaifin shi ne "zzzz" da kake ji, kuma shi ne ke sa fanka kuka in an ɗauke wuta an koma kan inbata. Fitila da cajar waya ba ruwansu, amma kayan sauti ba sa shiri da ita.

Na biyu, caja. In mai ƙafa biyu ce, ko kuma mai ƙafa uku ce amma gidan ba a yi masa atin ba, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, wata 'yar wuta tana yoyo ta zauna a jikin ƙarfen laftof. Shi ya sa wani lokaci in ka shafa ta kake jin tana ɗan cizo. Wannan yoyon ba shi da hanyar zuwa ƙasa, sai ya bi wayar USB ya shiga sankad.

Mafita mafi sauƙi: ka cika batir, ka cire caja, ka ɗauka. In batirin ya gaji, canza shi ya fi maka arha a kan sabon mayik.

Mamman Damagaram: Sannunku da aiki. Ni daga Zinder nake bin ku. Tambaya gare Injiniya. Tawa jitar tana da wurin jona waya a gindinta. In na jona ta kai tsaye cikin sankad, ba ruwana da kukan awaki da babura, amma sai gurnani ya ninka. In na taɓa ƙarfen filogin da hannu sai ya ragu. Wani ya ce min in karya ƙafa ta uku ta filogin lasifikata, wai shi ke magani.

Injiniya Kabiru: Malam Mamman, don girman Allah kada ka karya. Wannan ƙafar ita ce tsakaninka da lahira in waya ta tsinke a cikin na'ura ta taɓa ƙarfen jiki. Wutarmu volt 220 zuwa 230 ce, ba abin wasa ba ce, kuma kai kana rungume da waya a hannu ga gumi. E, wani lokaci karyawar tana kashe gurnani, in matsalar ita ce kaya biyu sun samu hanyar ƙasa biyu daban-daban har wuta tana zagaye tsakaninsu. Amma maganin wannan shi ne ka jona duk kayanka a ekstenshan ɗaya daga soket ɗaya. In bai tafi ba, ka nemi ɗan akwatin nan da ake kira DI, yana da maɓallin da ke raba ƙasan wayar sauti kawai, bai taɓa na wuta ba.

Naka ma da alama ba wannan ba ne. Tunda in ka taɓa ƙarfe yana raguwa, alamar kayan ba su da hanyar ƙasa mai kyau ke nan. Kira mai wayarin ya duba ko akwai sandar atin a gidan, kuma ko wayarta ta iso soket ɗin ɗakin. Gidaje da yawa za ka buɗe soket ka tarar waya biyu ce kawai a ciki.

Malam Isyaku: In ƙara wa Mamman: wayar jita irin ta jak ba ta da kariyar da wayar mayik mai ƙafa uku take da ita. Ta mayik tana ɗauke da sautin a layi biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, duk ƙarar da ta shiga a hanya sai ta soke kanta a ƙarshe. Ta jita layi ɗaya ce, duk abin da ta tsinta a hanya da shi za ta iso. Don haka a gajarta ta, mita uku ta isa, kada a bar ta kwance a kan wayar wuta ko kusa da caja da stabilaiza. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Kuma ka danna maɓallin INST a sankad, domin shi aka yi wa irin wannan.

Amma ni a kunnena, sautin da ke fita ta wayar jitar katako ba ya kama da jitar. Ƙarfe-ƙarfe yake, kamar ana tsinken roba. Yana da amfani a dandali. A ɗauka kuwa na fi son mayik, ko a haɗa biyun, a sa na waya ƙasa-ƙasa.

Mamman Damagaram: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Ƙafa ta uku ta tsira.

Bash Furodusa: To ni ga tawa shawarar, kuma a nan na san Baba ba zai musa ba. Matsalar Auwalu nau'in mayik ɗinsa ne, AT2020 kondensa ce. Kondensa tana jin komai, har tafiyar ƙadangare a kan katanga. Ya sayar ya sayi ɗaya nau'in, dainamik, irin SM57, shi ba ya jin hayaniyar ɗaki.

Malam Isyaku: Zan musa kuwa, ɗana. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Mayik bai san wannan jita ce, wancan babur ne ba. Abin da ya iso gabansa shi yake ɗauka. SM57 sautinsa yana fita ƙasa da na AT2020 da kusan desibel 19, shi ya sa in ka jona shi kake jin kamar ɗakin ya yi tsit. Murɗa gein har jitar ta kai ƙarfin da take a ɗayan, za ka ji babur ɗin ya dawo. Abin da ya sa mutane suke ganin yana magani shi ne ana manna shi kusa da abin da ake ɗauka, kuma ba ya kwaso sama-saman sauti kamar kondensa. Kusancin ne yake aikin, shi kuwa kyauta ne.

Sannan ga wanda yake kaɗawa da yatsa a hankali kamar Auwalu, dainamik zai sa ya kai gein ƙarshe, nan kuma "shuuu" na sankad ɗin kansa zai fito. Ya gudu daga wata ƙara ya faɗa wata.

Bash Furodusa: Amma Baba, Rode NT1-A fa? An rubuta ƙarar kansa desibel 5 ce kawai, AT2020 kuwa 20. Wannan ai ba ƙaramin bambanci ba ne.

Malam Isyaku: Lambobin gaskiya ne. Sai dai ka tambayi kanka, ɗakin nawa yake? Ɗakin kwana a cikin gari, ko da dare, da wuya ya sauka ƙasa da desibel 30. In ɗaki yana 35, mayik mai 20 da mai 5 duk sun nutse a ƙarƙashinsa, ba za ka ji bambancinsu ba. Ranar da Auwalu ya samu ɗakin da ya yi shiru har ƙarar mayik ta zama ita ce damuwarsa, ranar sai mu taya shi murna mu raka shi kasuwa.

Hadiza: Tunda an zo maganar ɗaki, don Allah a yi wa mutane bayanin kiret ɗin ƙwai. Na gaji da ganinsa a bangon sutudiyo.

Sadiq (mai kula da zaure): Anti a yi a hankali, rabin 'yan zauren nan da kiret suka fara.

Hadiza: Ai shi ya sa. Abu biyu ake haɗawa. Hana ƙarar waje shigowa daban, hana sauti yawo a cikin ɗaki daban. Kiret ba ya yin na farko ko kaɗan, na biyun ma ɗan kaɗan ne, ga shi abincin gobara. Soso ma da ake mannawa, amsa-kuwwar ciki kawai yake ragewa, ba ya tare injin maƙwabci. Abin da ke tare ƙarar waje nauyi ne da toshe kafa. Duk inda iska za ta wuce, ƙara za ta wuce. Ƙasan ƙofa, gefen taga, ramin da aka huda don wayar eriya ko ta sola. Naɗe tsohon zani ka cusa a ƙasan ƙofa, ka ji yadda hayaniyar tsakar gida za ta ja baya. In tagarka mai gilashi jere-jere ce irin ta da, wannan kam kusan a buɗe take ko an rufe, sai an sa katako ko katifa an toshe ta lokacin ɗauka.

Mamman Damagaram: Wannan haka yake. Mu nan wanda ya fi kowa samun sauti mai tsabta a cikin abokaina, a tsohon ɗakin ƙasa na gidansu yake ɗauka, mai rufin azara. Bangon kauri gare shi, ba ya amsawa kamar siminti da tayil, ga sanyi ko ba fanka. Nawa ɗakin rufin kwano ne. Da rana kwanon yana ƙara "ƙas, ƙas" in zafi ya buɗa shi, da damina kuwa ko yayyafi aka fara an tashi daga aiki.

Malam Isyaku: Abokin nan naka ya riƙe ɗakin da kyau. Wanda yake da tayil kuma ya shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri a ƙarƙashin kujera da mayik, domin ƙasa ita ce bango mafi kusa da jita. Kuma kada a zauna a tsakiyar ɗaki daidai, kada a shige lungu. Lungu yana tara kauri.

Sai lokaci. Kowa ya san unguwarsu. Bayan isha'i ba shiru ba ne a yawancin wurare, lokacin ne injuna suke tashi in babu wuta. Bayan asuba zakaru da tsuntsaye da masu kai yara makaranta. Ni na fi samun natsuwa tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa ukun dare, sai dai da damina gyare da kwaɗi su ma nan suke nasu zikirin.

Auwalu: Na gwada da daddare. Mayik taƙi ɗaya daga firet na 12, bayansa ga taga, katifa a bayana, caja a cire, fanka a kashe. Gein ya dawo wajen rabi. Bambancin ba a magana. Saura abu biyu. Ɗaya, sautin a allo ƙarami yake fitowa, bai cika layin ba, ina tsoron ko ya yi ƙasa. Biyu, yanzu ina jin numfashina da "ƙiii" na yatsa in na zame a kan tsirkiya, har da "tik tik" na metironom, abin da ke ƙidaya min bugu.

Bash Furodusa: Na farkon ba matsala ba ce. Ka tabbata kana ɗauka a 24 bit. In wurin da ka fi bugawa da ƙarfi yana kaiwa desibel -12 zuwa -10 a ma'aunin allo, ya yi daidai. Cika layi har ya taɓa ja al'adar zamanin kaset ce, lokacin da kaset ɗin kansa yake da tasa ƙarar. Yanzu in ya taɓa sifili ya fashe, ba gyara. Ƙarami kuwa sai ka ɗaga shi daga baya, ba abin da zai ragu. Ka ga Baba, wani lokacin ni ma ina faɗar daidai.

Malam Isyaku: Ka faɗa daidai, Allah ya yi albarka. Metironom daga hedfon yake yoyo. Rage shi, ka sa hedfon mai rufaffen baya, ka zaɓi sautin da ba shi da kaifi, kuma ka sa ya tsaya kafin bugun ƙarshe don kada ya ɓata maka wutsiya. Numfashi: ɗan karkatar da mayik ƙasa, ya bar kallon fuskarka, kai ma ka daina sunkuyawa a kan jitar. Ka cire agogo da zobe, ka duba maɓallin hannun riga, ka zauna a kujerar da ba ta kuka. Wayar salula kuma a kashe ta ko a fitar da ita, don in kira zai shigo za ka ji "dit-dirit" a cikin ɗaukar.

Mamman Damagaram: "Ƙiii" ɗin nan sabbin tsirkiyoyi sun fi yin sa, musamman masu kaurin nan da aka naɗe. In sun kwana biyu ana kaɗa su yana raguwa. Akwai masu rufi a jiki irin Elixir, suna da tsada amma ba sa kuka sosai kuma gumi ba ya saurin cin su. Sauran aikin hannu ne: ɗaga yatsa kafin ka matsa, kada ka ja shi. Ni dai ba na son a share shi duka, in babu shi sai ka rantse kibod ne.

Wani abu kuma da ba a ambata ba, hunturu. In iska ta bushe katakon jita yana tsukewa, fuskarta ta ɗan faɗa, tsirkiya ta sauko ta riƙa taɓa firet tana "zirr". Mutum zai yi ta zargin mayik da waya alhali jitar ce take jin ƙishirwa. Masu ƙera ta suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Maris muna can ƙasa da haka nesa. A ajiye ta cikin jakarta, a sa ɗan soso mai danshi a cikin kwalin sabulu da aka huhhuda, kada ruwa ya taɓa katakon.

Bash Furodusa: To yanzu da aka gama wahalar da yaro, a ba ni dama in yi maganar ikiyu, abin da ake rage ko ƙara wani zango na sauti da shi? Yanke ƙasan sauti. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kan 82 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirancin sauti). Duk abin da ke ƙasa da wajen 70 ba kiɗa ba ne, rugugin mota ne da takun ƙafa da gurnanin wuta. A yanke shi.

Injiniya Kabiru: Na goyi baya, da gyara ɗaya. Masu koyarwa a YouTube da yawa daga Amurka suke, za ka ji suna cewa a cire 60 Hz. Tasu wutar ke nan. Tamu a Najeriya da Nijar da Gana 50 ce. Kuma gurnani ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da 'ya'yansa a 100, 150, 200, haka har sama. Yankan ƙasa zai cire uwar, ya bar 'ya'yan. Su kuma a tsakiyar jita suke zaune: tsirkiyar D tana wajen 147, ta G tana 196. Ka ce za ka huda 150 da 200, ka taɓa su. In kuma a kan inji aka ɗauka abin ya fi muni, domin ƙaramin inji ba ya tsayawa a 50 daidai, da firji ya tashi sai ya sauka, ramin da ka huda ya tashi a banza.

Malam Isyaku: Shi ya sa muka fara da caja. Yanzu Bashir, ga inda fulogin ɗinka yake da gurbi. Auwalu, duk ɗaukar da za ka yi, ka bar daƙiƙa goma na shiru a farko, kana zaune da jitar a hannu, komai yadda yake. Wannan shi ne samfurinka. In ɗan "shuuu" ya rage, ka rage shi da desibel 6, in ya yi yawa 9, kada ka nemi ya ɓace. Ka yi wannan kafin kwamfuresa, fulogin ɗin da ke daidaita ƙarfin sauti, don kwamfuresa tana ɗago duk abin da ke ƙasa, har da ƙarar. Get kuwa, wanda ke rufe sauti in ya yi ƙasa, kada ka sa wa jitar yatsa, zai datse maka wutsiya. Gara ka bi da hannu ka sauke farko da ƙarshe a hankali. Wanda ba shi da kuɗin RX, Audacity kyauta ne kuma yana yi, Reaper ma yana da ReaFIR.

Bash Furodusa: Desibel 6 Baba? Ni ina kai 15 a RX ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Malam Isyaku: A ƙarƙashin ganga da bes da murya huɗu, ko 20 ka kai ba mai ji. Auwalu jita ce tsura.

Bash Furodusa: To a gwada mana. Auwalu, turo ɗanyen fayil ɗin, ni in wanke nawa, Baba ya yi nasa, a saka a zaure ba suna, jama'a su zaɓa.

Hadiza: Na yarda, ni ce alƙali. Amma Auwalu kada ka turo shi a matsayin saƙon murya, matse shi ake yi, shi kansa matsin yana kawo irin ƙyal-ƙyal ɗin da muke son saurara. Fitar da shi WAV, fayil ɗin da ba a matse ba, ka turo a matsayin takarda, da daƙiƙa goman shirun a farkonsa.

Auwalu: To Anti. Sai dai ku ba ni zuwa jibi, batirin laftof ɗin nake son in fara canzawa.

Injiniya Kabiru: In za ka je, ɗauki hoton bayan inbatar da na cikin soket ɗin ɗakin ka turo min. Soket ɗin mai wayarin zai buɗe, ba kai ba, kuma a kashe wutar gidan da inbatar tukuna.